Wa Ke Ba Tumatirin Kawu Haladu Ruwa?

Duk wanda ya taɓa zama kallon fim da Kawu Haladu ya san ba a yin minti biyar da farawa zai ɗaga sandarsa ya nuna talabijin ya ce, "Tsayar min da shi nan, Nasiru. Ka ga wancan mai murmushin? Shi ne ya yi kisan." Alhali fa ba a ma kashe kowa ba tukuna! Sunayen 'yan wasa ko gama wucewa ba su yi ba. In na ce, "Haba Kawu, wannan ai mai kawo shayi ne," sai ya harare ni ya ce, "Wa ya aike shi ya kawo shayin?"

Abin haushin, sau da yawa sai ka ga ya canka daidai. Ranar da bai canka ba kuwa, to masu fim ne suka yi maguɗi, sun ji labarin ya gano su suka sauya ƙarshen.

Ni ne Nasirun, ɗan ƙanwarsa, mai shagon cajin waya da tura finafinai a bakin titin Kura. Kowace Lahadi ni nake ɗora masa kaya a memori in kai masa, mu kunna a ƙaramin talabijin ɗin da ke zaurensa. Ba ya kallon na soyayya. Ya ce mutane su yi ta rawa a kan dutse sai ka ce ba su da gona. Nasa biyu ne: na ban tsoro, da na bincike wanda ake neman mai laifi. Kuma da rana tsaka ake kallo, bayan azahar, ƙofar zaure a wangale. Ya ce fim ɗin da sai an kashe fitila yake ba da tsoro, duhu ne ya yi masa aiki, duhu ya kamata a yaba wa.

Abokin kallonsa ɗaya ne, Baba Iliya. Ku da kuka san Kawu ai kun san shi. Mutumin Filato ne, ya zo noman rani Kadawa tun yana saurayi, ya zauna, ya yi iyali. Kunya ɗaya ce ta raba gonarsa da ta Kawu, sun fi shekara talatin a haka. Da ya taso daga coci sai ya biyo ta gidan Kawu da tufafinsa na Lahadi, ya zauna a ƙarshen benci. Ƙato ne, yana ɗaga kwandon tumatir shi kaɗai ya ɗora a mota, amma da an fara wannan kiɗan mai sanyi na fim sai ka ga ya cire hula ya rufe ido ɗaya da ita. Kawu ya zargi mai awon taki, ya zargi mai gyaran injin ruwa, ya zargi agogon masallaci. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa zargi ba, shi ne Iliya, sai a shekararsa ta ƙarshe. Kuma saura ƙiris ya shiga kabari ba sa ga maciji da juna. Zan zo kan wannan, amma sai kun fara jin yadda suke.

Wata Lahadi na kawo musu wani na Turawa da aka fassara, jini ko'ina, har bango. Baba Iliya ya zabura ya ce, "Wayyo Allah, sun yanka shi!"

Kawu ko gezau. Ya matsa kusa da gilashin ya ƙura ido, ya ce, "Wannan ne jinin? Tumatirin gwangwani ne aka dama, ruwan ma ya yi yawa."

"Haladu, kan mutum fa aka cire!"

"Kan kabewa aka cire. Iliya, tun ba a haifi wannan yaron ba muke noman tumatir ni da kai, yau za a zuba maka shi a riga ka ce wayyo? Ka ba ni kunya."

Daga ranar duk fim ɗin da ya cika jini sai ya ce min, "Kada ka ƙara kawo min miya."

Shi a wurinsa tsoro daban, razana daban. Ya ce a buga maka ƙara ba zato ka zabura, wannan ko ƙadangare ya faɗo daga rufi zai yi maka haka, ba a kiransa gwani. Tsoro na gaskiya shi ne wanda za ka tashi da shi, ka je gona da shi, kana tsinkar tumatir kana waiwaye. Wani abin da yake ƙona masa rai shi ne mutumin fim da zai ji kuka a ɗakin da ba kowa ya ce bari ya je ya duba. "A wane gari ake haka? A Bunkure ka ji kuka a kango, ai maƙwabta za ka tara, a kira mai unguwa, a zo da sanduna. Wannan bai da dangi ne?"

Sau ɗaya na ga fim ya kama shi. Wani gida ne, ƙofar ɗaki ɗaya tana buɗe kanta kowace safiya, ba a ga kowa. Wallahi awa guda Kawu bai ce uffan ba. Na lura har ƙafafunsa ya janye daga ƙasa ya naɗe a kan benci. Baba Iliya kuwa hular ta rufe ido biyu, yana tambaya, "Ya fito? Haladu, ya fito?" Can kusa da ƙarshe sai ga dodon, fuskar roba, haƙora kamar na manjagara. Kawu ya sauke ƙafa, ya buga sanda a ƙasa.

"Kashe, Nasiru! Kashe! Sun cuce ni. Ɗazu tsoronsa nake ji, yanzu tausayinsa nake ji. Dubi yadda bawan Allah yake gumi a cikin roba. Wa ya ce su nuna shi? Wanda nake gani a raina ya fi wannan muni sau goma!"

Baba Iliya ya ce, "Ni dai ya ba ni tsoro."

"Kai ai ko tallar sabulu tana ba ka tsoro."

Akwai shekarar da wasu samari suka zo daga birni ɗaukar fim a bakin babban kanal. Da Kawu ya hango abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara, sai ya yar da fartanya ya ƙwala wa Iliya kira. Ya ce masu awon ƙasa ne, da irin wannan abin aka zo lokacin da aka yanki gonar babansa. Ya tafi musu da sanda, Iliya na biye yana ba shi haƙuri. Da ƙyar shugaban nasu ya fahimtar da shi cewa fim ne, na aljanar ruwa. To maimakon ya tafi, sai ya samu kunyar gona ya zauna yana sa ido. Aka ce aljana ta fito. Yarinya ta taso daga bayan ciyawa da farin mayafi a goge, ga jan baki. Mai fitowa a manomi ya ƙwalla ihu ya zura da gudu, ya bar injin ban ruwa yana aiki.

Kawu ya miƙe ya ce, "Ƙarya ne!"

Shugaban ya ce, "Baba, ana ɗauka fa."

"A ɗauka da ni. Manomin Kadawa ya gudu ya bar injinsa? Ko aljanu goma ne sai ya kashe shi ya saɓa a kafaɗa tukuna. Ita kuma wannan, daga kanal ta fito ko daga gidan biki? Ku mayar da ita mota. Ku nuna sawun ƙafa a jiƙe, ya fito daga ruwa ya shiga gona, babu na komawa. Shi ke nan. Sauran ku bar wa mai kallo."

Shugaban ya ce, "Kai Baba, wannan dabara ce! Wallahi sai mun sa sunanka a fim ɗin."

Kawu ya ja da baya. "Kada ka kuskura. Da suna ake kama mutum."

To, yanzu ga maganar da na ce zan zo kanta.

A ranin ƙarshe ƙafafun Kawu suka fara kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi tsayawa cikin ruwan sanyi. Ku kuwa kun san yadda ban ruwa yake a wurinmu. Kowane layi da ranarsa. In ranarka ta zo, gari na wayewa kana bakin kanal, ka ja ruwa ya shiga gona, ka buɗe wannan fangali ka toshe wancan da laka, ƙafarka tsundum har ka gama. In ka makara, na ƙasa da kai sun janye ruwan. 'Ya'yan Kawu mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Na ce masa, "Kawu, bari in riƙa rufe shago ina yi maka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tun ina da rai ka fara zagaya gado?"

Ranar ruwansa ta zo, bai iya fita ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Ya isa yana jan ƙafa, yana zaton zai tarar da tumatir ya yi yaushi. Sai ya tarar da kowane fangali ya sha ya ƙoshi, an toshe bakinsa tsaf, an kuma share sawu da reshe. Sati na biyu haka. Na uku haka.

Wani zai ce alhamdu lillahi ya koma gida. Ban da Kawu. Ya zo shagona fuska ba annuri, ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Nasiru, akwai mai bi na."

"Da me, Kawu?"

"Da ruwa."

Na ce, "Ko aljanar nan ce ta masu fim ta ji daɗin shawararka?"

"Rufe min baki. Aljani ba ya toshe fangali da kyau haka. Wannan manomi ne, kuma tsoho ne a sana'ar. Ka san abin da yake nufi? Bana ya ba gonata ruwa. Baɗi ya zuba taki. Shekara ta uku ina kwance, ya tsaya gaban mai unguwa da shaidu ya ce kowa ya san shi yake noma ta. Haka aka yi wa wani a Garun Malam. 'Ya'yana mata ne, wa zai tsaya musu?"

Nan zan faɗi laifina, don ina da shi. Na san wanda yake yi. Tun satin farko Baba Iliya ya zo shagon ya ce min, "Nasiru, ni nake ba gonar kawunka ruwa kafin in ba tawa. In ka faɗa masa, ni da kai. Ka san halinsa, zai hana, ya shiga ruwan ya kashe kansa." Na yi masa alkawari. Amma ba alkawarin kaɗai ya rufe min baki ba, har da shaƙiyanci. Daɗi nake ji ina ganin mutumin da fim ɗari bai girgiza ba, ga shi ruwan kanal ya hana shi cin tuwo. Yana shinshina ganyen tumatir ko an sa guba. Yana tsayar da masu babur yana tambayar wa suka gani da safe. Lahadi ta zo, yana zaune kusa da Iliya yana lissafa masa waɗanda yake zargi, Iliya yana gyaɗa kai yana cewa, "Ai kuwa, ai kuwa." Ni kuma ina bayansu ina danne dariya. Allah ya yafe min.

Sai Kawu ya yi irin ta masu binciken fim. Jajiberin ranar ruwa ya sa aka kai shi gona da yamma, ya barbaɗa toka a can ƙarshen kunya, inda mai share sawu ba zai lura ba. Da hantsi ya je ya duba. Ga sawun takalmin roba, na hagu da facin taya a dunduniya. Duk layin nan mutum ɗaya ne yake da wannan facin. Kawu da kansa ya raka shi wurin mai facin.

Da ya tsaya ya yi tunani irin na mutane, da ya gane. Amma tunanin fim ya yi, inda kullum na kusa da kai ne, wanda kake ba wa labari. Bai je gida ba, bai neme ni ba. Ya miƙe sai inda ake lodin tumatir a bakin hanya, ga dillalai, ga direbobi, ga manoma fal. Iliya yana ɗaure bakin kwando.

"Iliya! Ashe kai ne."

Iliya ya ɗago, ya yi murmushi irin na wanda aka kama da alheri. Wannan murmushin ya ƙara tunzura Kawu.

"Dariya ma kake? Shekara talatin kana zaune a bencina, ashe gonata kake aunawa! Ka ga na fara jan ƙafa, ba ni da ɗa namiji. Baƙo da kai, ka zo da jaka ɗaya, yau ƙasar ubana kake so?"

Iliya ya ce, "Haladu, ni?"

"Kai!"

Iliya ya gama ɗaure kwandon, ya goge hannu a wando, ya bi hanyar gida. Waɗanda suke wurin sun ce min ba su taɓa ganin ya yi tafiya a sunkuye haka ba.

Labari na isowa gare ni na rufe shago na tafi. Na faɗa wa Kawu komai, har da cewa na sani tun farko. Raina a ɓace yake, da shi da kaina, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Mutum yana barin gonarsa da ƙishi ya fara ba taka, ka kira shi baƙo a gaban dillalai!" Can ya ce, "To me ya sa ya ɓoye?" Na ce, "Don ya san ka." Ya juya min baya.

Ranar ruwa ta sake zagayowa. Kawu ya je da hantsi. Gona ta sha ruwa tsaf, wannan karon ba a ma share sawun ba. Haka aka yi ta yi har aka tsinke tumatirin ƙarshe. In sun haɗu a hanya Iliya ya kau da kai. Kawu kuwa kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa fita daga bakinsa ba tun da na san shi, bai san ta inda ake fara ta ba. Ya zaɓi kwando biyu mafi kyau ya ce in kai gidan Iliya. Iliya ya ce in mayar, shi ba ɗan ƙwadago ba ne. Na dawo da su a bayan babur, Kawu ya dube su ya shige gida.

Baba Iliya ya daina zuwa, amma ni ban fasa zuwa ranar Lahadi ba. Na nemo masa waɗanda suka fi kowanne tayar da hankali, irin nasa, ba jini ba dodon roba. Sai ya zauna shiru, bai nuna kowa da sanda ba, bai zagi kowa ba. Rabin awa ya ce in kashe.

"Kawu, wannan fa kowa yana yabonsa."

"Ba daɗi."

"Me ya rasa?"

Ya dubi ƙarshen benci ya ce, "Ba wanda yake zabura."

Damina ta sauka, aka dasa shinkafa, jikin Kawu ya ƙi. Ya kwanta ba ya iya fitowa ko zaure. Kullum na shiga gaishe shi sai in ji tsoron kada ya tafi da wannan abu a wuyansa. Wata safiya ya sa aka kira ni. Ya ce kowa ya fita. Ya riƙe min hannu, murya ƙasa-ƙasa.

"Je ka wurin Iliya. Ka ce na yi masa mummunan zato, na ci mutuncinsa a cikin mutane. Ka ce ya yafe min don Allah."

Na hau babur da gudu. Na sami Baba Iliya a cikin shinkafarsa, laka har gwiwa. Na isar da saƙo. Ya ce, "Je ka ce masa na yafe." Na dawo ina murna na faɗa.

Kawu ya buɗe ido ɗaya. "Haka kawai?"

"Haka kawai, Kawu."

"Bai zage ni ba? Bai ce komai a kan maganar baƙo ba?"

"Bai ce ba."

"To ba ka je ba. Kwana ka sha ka dawo ka shirya min magana don ka ga ina mutuwa. Kai ba yau ka fara ɓoye min abu ba."

Jama'a, mutum yana kan gargara yana bincike! Na koma. Na ce, "Baba Iliya, ya ce ƙarya nake." Iliya ya yi tsaki, ya fito daga ruwan, ko ƙafa bai wanke ba ya haye bayana. Ya shiga ɗakin da lakarsa, ya tsaya a kan Kawu.

"Haladu, ga ni. So kake ka ji? To ji. Ka ɓata min rai ƙwarai. Na binne 'ya'yana biyu a garin nan, ka kira ni baƙo. Ranar na yi kuka a gaban matata, abin da ba ta taɓa gani ba. Kai tsoho ne mai taurin kai, mai baƙin zato, ba ka san alheri ba ko ya taka ka. Da za a sake, da sai in sake ba gonar ruwa, don ba don halinka na yi ba. Na yafe maka, duniya da lahira."

Hawaye suka gangaro wa Kawu ta gefen ido har cikin kunne. Ya yi murmushi ya ce, "Yawwa. Wannan Iliya ne." Ya miƙo hannu. Iliya ya zauna a ƙasa ya riƙe shi, ni na fita na bar su.

Kwana uku bayan nan ya cika, da hantsin Juma'a. Baba Iliya ya bi mu har maƙabarta, ya kuma zauna tare da mu a tabarma kwana uku, mutane suna yi masa gaisuwa kamar yadda suke yi mana.

Allah ya jiƙan Kawu Haladu. Ya nemi yafiya tun yana da numfashi, bawanka ya yafe masa, ya Allah kai ma ka yafe masa. Ka haskaka kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa ya huta. Amin.